Filin Likitan Dabbobi: Sayen Kare Ba Wuya, Riƙonsa Ne Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, ina zaune da iyalina a wata sabuwar unguwa da ke bayan gari, inda gidaje ba su gama haɗewa ba. Sau biyu ɓarayi suna haura mana katanga. Zuwan farko suka kwashe batiran sola, na biyu suka ɗauke injin jan ruwa. Wani abokin aikina ya ba ni shawara in nemi karen Turawa, irin na 'yan sanda. Na samu mai sayarwa, ya ce kwikwiyo ɗan wata biyu N300,000. Na kuma leƙa wani kanti na ga buhun abincinsu mai kilo 15 a kan N60,000. Albashina bai cika N250,000 ba. Niyyata in sa a ƙera masa keji a bayan gida ya riƙa wuni a ciki, in dare ya yi a sake shi. Ina fita ƙarfe bakwai na safe, ba na dawowa sai bayan magariba. Nawa zai riƙa ci mini a wata? Kuma sakin da za a yi masa da dare ya ishe shi motsa jiki? Don Allah a sakaya sunana.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya mayar maka da alheri, ya kuma tsare gaba.

Ka kyauta da ka yi tambaya tun kuɗinka na aljihunka. Galibin masu zuwa wurina sai kare ya kai wata takwas ko tara, haƙarƙari duk a waje, uwargida ta gaji, maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa, sannan a tuna da likita.

Mu fara da ciki, don nan kuɗin suke zurarewa. Karen da kake nufi shi ne Jaman Shefad, wasu su ce masa Alseshan. Namiji in ya cika girma yakan kai kilo 30 zuwa 40, mace kuwa 22 zuwa 32. Mai kilo 35 yana cin kamar giram 450 na busasshen abincin buhu a rana, wato buhun da ka gani wata guda zai yi maka da 'yan kwanaki a kai. A shekara buhu 11 ke nan. A farashin da ka faɗa, N660,000, ya ninka kuɗin sayen karen har da ɗoriya. In ka raba shi wata-wata, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashinka ne, kuma bai yi nisa da N70,000 ɗin da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashin ma'aikaci ba. Irin wannan kare yakan yi shekara 9 zuwa 13 a duniya. Sannan yawancin abincin nan da magungunansu daga waje ake shigo da su, don haka dala suke bi. Duk wanda ke riƙe da irin karnukan nan ya ji a jikinsa tun da aka saki naira a tsakiyar 2023.

Kada ka ce ai ƙarami ne, kaɗan zai ci. Daga wata huɗu zuwa shekara cinsa yana kama na babba, wani lokaci ma ya wuce, don a lokacin yake gina ƙashi. Kuma sau uku zuwa huɗu ake ba kwikwiyo abinci a rana. Kai kana ofis. Wa zai ba shi na rana? In amsar ita ce uwargida, to a tambaye ta tun yanzu, a kuma ji amsarta da kunnen basira. Mata da yawa a gidajenmu ba sa yarda kare ya raɓi inda suke shanya da wanke-wanke, balle su wanke masa kwano.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi, wadda yawancin masu karnuka a nan suke bi, ita ce dafa masa a gida. Babba mai kilo 35 zai buƙaci kamar giram 300 na garin masara ko tsakin shinkafa, da kamar giram 350 na nama a kullum. A wata, wajen kilo 9 na gari ke nan da kilo 10 na nama. Ba tsoka nake nufi ba: huhu, tumbi, saifa daga kwata, kai da ƙafafun kaji daga wurin masu fige kaji, kan kifi. A dafa ya dahu sosai, a jefa kabewa ko karas, a ɗiga ɗan man gyaɗa. Ka je kasuwarku ka tambayi farashin waɗannan, ka ƙara kuɗin gawayi, ka kuma tuna cewa naman sati guda sai da firji, firji kuma sai da wuta, kai da aka sace wa batira. Zai fi buhu araha, amma ba kyauta ba ne. Kwikwiyon babban iri kuwa in aka raine shi da tuwo zalla, ko da nama zalla ba sinadarin ƙashi, ƙafafunsa kan lanƙwashe, kuma in sun ƙage a haka shi ke nan. Sai likita ya auna maka garin ƙashin da za a riƙa barbaɗa masa.

Ragowar abincin biki da ake kwaso wa karnuka a bokiti, wannan ni ban yarda da shi ba. Cike yake da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare sannu a hankali. Haka goro, cakulan, inabi da zabibi, duk guba ne a wurinsa. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Kuma kada wanda ya ɗauko farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane ya ɗura masa don an ga ya yi laushi.

Sai allurai. Kwikwiyo yana karɓar riga-kafin farko yana sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen sati 16, daga nan kuma a riƙa sabuntawa. Allura ce guda mai haɗe da kariyar cututtuka da yawa, amma wadda ta fi kashe mana 'yan kwikwiyo ita ce fabo: amai, zawo da jini mai ƙarni, kwana biyu kare ya zama fata da ƙashi. Jinyarta kwanaki ne na ƙarin ruwa da allurai, kuɗin ya ninka na riga-kafi sau da yawa, kuma bayan an kashe kuɗin ma yana iya mutuwa. Ƙwayar cutar tana yin watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba, shi ya sa gidan da fabo ta kashe kwikwiyo ba a gaggawar kawo wani. Jaman Shefad da wani irin karen Turawa da ake kira Rotwaila suna cikin waɗanda ta fi kayarwa. Mai sayarwa zai ce maka an yi masa komai. Ka ce ya nuna kati, ka duba akwai tambarin kwalbar allurar a manne, da kwanan wata, da sa hannun likita. Allurar da ta wuni a aljihu cikin rana kuwa ta zama ruwa, sanyi take so tun daga inda aka yi ta har jikin kare.

Allurar ciwon haukan kare daban take. Ana yin ta yana wata uku, sannan duk shekara. Wannan ba don karen kaɗai ba ce, don 'ya'yanka ce da 'ya'yan maƙwabta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana yin ta a nan gida, ana samun ta a asibitocin dabbobi na jiha da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ba shi da nisa da kai. A cikin duk abin da na lissafa ita ce ba a yi mata ciniki.

Maganin tsutsar ciki: duk sati biyu har ya kai wata uku, duk wata har ya kai wata shida, daga nan duk wata uku. Kaska kuma yaƙi ne da ba ya ƙarewa, musamman da damina. Ba shan jini kaɗai take yi ba, tana ɗauke da zazzaɓin da ke sa dasashi ya yi fari fat, kare ya ƙi abinci, wani ya riƙa haɓo. Jaman Shefad ya yi ƙaurin suna wajen rashin jure wannan zazzaɓi. Akwai sabulu da ruwan wanka da ƙwayoyi na musamman, duk da kuɗinsu. Masu neman sauƙi sai su fesa wa kare fiya-fiya, ko su shafe shi da baƙin mai wai maganin ƙazuwa. Na karɓi karnuka suna dalalar da miyau suna karkarwa saboda wannan ganganci, wasu ba su koma gida ba.

In ka haɗa duka, bayan kuɗin abinci ka ware wani abu duk wata don magani, ka kuma ajiye abin da bai gaza kuɗin abincin wata biyu ba saboda ranar da za a tashe ka da dare. Ban sa kuɗin kafinta ko mai walda ba, ban kuma sa kuɗin asibitin yaron maƙwabci ba in tsautsayi ya gitta, wanda kai za a kama.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda a wurina ta fi ta farko nauyi. A'a, sakin dare bai ishe shi ba.

Wannan kare a Jamus aka samar da irinsa a ƙarshen ƙarni na 19 don kiwon tumaki, ya wuni yana zagaye garke. Jikinsa da ƙwaƙwalwarsa duk na aiki ne. Babba mai lafiya yana son kusan awa biyu a rana na tafiya da gudu da wasa da horo. Ka kulle shi awa goma sha uku ko sha huɗu a akwatin ƙarfe, ka sake shi a tsakar gidan da ya haddace kowane lungu nasa, zai yi zagaye biyu ya kwanta a bakin ƙofa. Ƙarfin da bai ƙone ba kuma sai ya nemi mafita. Shi ne za ka ga yana haushi tun isha'i har asuba ba gaira ba dalili, yana tone shukar uwargida, yana tauna tiyon ruwa da takalman yara, yana bin jelarsa a keji, ko ya yi ta lasar ƙafa guda har ta zama gyambo. Mutane sukan ɗauka kulle da sarƙa ne ke sa kare zafi, zafin kuma shi ne gadi. Zafi dai yana yi, amma na wanda bai san bambancin ɓarawo da mai kawo ruwa ba, bai san ɗanka da ɗan wani ba. Yawancin cizon da ake kawo mini labarinsa ba ɓarawo aka ciza ba. Yaron gida ne, ko almajiri, ko baƙuwa, ranar da aka manta ba a ja sakata ba. Kuma karen da ke haushi kullum a banza, ranar da ɓarawo ya diro ba wanda zai ɗaga kai daga matashi.

Abin da yake buƙata shi ne a fita da shi da igiya a wuya sau biyu a rana. A yanayinmu lokutan biyu ne kawai: bayan asuba kafin rana ta ɗaga, da bayan la'asar sakaliya zuwa dare. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafi, don haka tafiyar tsakar rana a watan Maris ko Afrilu tana iya kashe shi. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta; in ba za ka iya barin sa na ɗan lokaci ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Ka bar shi ya tsaya ya sunsuna abin da yake so, don sunsunar nan tana gajiyar da shi kamar gudun. Ka kauce wa hanyar masallaci lokacin da mutane ke tafiya salla da tsarkinsu, da hanyar 'yan makaranta, don yara za su jefe shi, shi kuma ba zai manta ba. Gefen filin ƙwallo ko hanyar gona sun fi. A cikin gida kuma minti 15 zuwa 20 na jefa masa ƙwallo ya ɗauko, da koya masa zauna, zo, bari. Kada a sa shi guje-guje da ya gama cin abinci, manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu na iya murɗewa, wannan kuwa in ba a yi aiki cikin 'yan awanni ba sai gawa. Kwikwiyo ba a fita da shi titi sai ya gama alluransa, ba a kuma tilasta masa doguwar tafiya ko tsalle-tsalle sai ya wuce shekara, saboda irin nan suna da raunin ƙugu na gado.

To ka dubi ranarka. Fita bakwai, dawowa bayan magariba a gajiye da cunkoson Kaduna. Za ka iya ba shi minti 45 bayan asuba da wasu 45 bayan isha'i, yau da gobe, da azumi da damina, har shekara goma? In yaro ko maigadi za ka ba aikin, ka sa ladansa a lissafi, ka kuma sani kare na wanda ke ciyar da shi yake fita da shi ne. Ranar da maigadin ya ajiye aiki, kai baƙo ne a wurin karenka.

Ba ka tambaye ni hukunci ba, ni ma ba fagena ba ne, sai dai abin da muka ji a zaure: hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun haɗa gadin gida a ciki in akwai buƙata. Ana ba da labarin Ibn Abi Zaid, mai Risala, cewa katangarsa ta faɗi ya ajiye kare, da aka ce masa Imamu Malik ya karhanta sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Amma mun kuma ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya ɗauki izinin farko ya ɗauki nauyin na biyu.

Shawarata, da wannan albashi da wannan lokaci, ka bar Jaman Shefad. Ka nemi kwikwiyon karen gida a wurin mafarauci ko a rugar Fulani, wanda ka ga uwarsa da idonka. In ya girma da wuya ya wuce kilo 15 zuwa 20, cinsa kusan rabin na wancan, gashinsa gajere, ya san zafinmu, ya fi jure kaska. Kunnensa kuwa ba ya barci, kuma abin da ɓarawon batir ke gudu shi ne hayaniyar da za ta tashi unguwa. N300,000 ɗin a ƙara wa katanga tsawo, a sa waya da fitila. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba: shi ma allurai zai sha duka, shi ma sai an fita da shi ko da awa guda a rana, kuma wurin kwanansa ya zama mai inuwa da iska da ruwa a kwano kullum, ba akwatin kwano a tsakiyar rana ba. Ka ƙosar da shi kafin a sake shi da dare, don mayunwacin kare shi ke cin naman da aka jefo ta katanga.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 12 wani mafarauci ya ba shi kwikwiyo. Babansa ya ce a bar shi, ai karen gida ba ya cin ko sisi, ƙanzo ya ishe shi, kuma shi ke yawonsa ya dawo. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Barka kadai Hajiya. Hankalinki ya fi na maigida gaskiya a nan, a yi mini afuwa wurinsa. Ta fuskar motsa jiki karen da ke yawo ba shi da matsala, ya ma wuce abin da ake nema. Matsalar ita ce inda yake zuwa: juji, bayan kwata, faɗa da karnukan da ba a san su ba. Daga can yake kwaso tsutsa da ƙuma da ƙazuwa, ya zo ya kwanta inda yara ke wasa. Mafi muni ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in ɗanki. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba a tashi.

Don haka in za a riƙe shi, a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurai da maganin tsutsa, a ajiye katin. A riƙa sauraron sanarwa wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, don a wurare da yawa akan yi allurar kyauta a lokacin. A ba shi abinci na gaske sau biyu a rana, tuwo da ɗan romon kayan ciki ko kan kifi, ba ƙanzo kaɗai ba. Mafaraucin da ya ba da shi ma ba da ƙanzo yake riƙe nasa ba. Yawon kuma ya zama tare da yaron, da igiya, safe da yamma. In mace ce, ki sani cikin karya kwana 63 ne kawai, kuma tana iya zubo miki shida ko bakwai, sai a yi magana da likita kan aikin hana haihuwa. Ki kuma koya wa yaran gidan duka: duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko na gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa.

Tambaya: Likita, ni ba ni da lokacin tafiya a ƙasa. Zan iya riƙe igiyar karena ina kan babur, ya riƙa bi na da gudu? Daga wani matashi a Sakkwato.

Amsa: Kada ka fara, ɗana. Kare ba ya iya ce maka ya gaji, zai yi ta bin ka har ya faɗi, kuma a zafin Sakkwato faɗuwar ba ta da nisa. Kwalta za ta saɓule masa tafin ƙafa. In kuma ya hango akuya ya fizga, ku biyun za a kwasa. Ka hau babur ɗinka zuwa bayan gari da sassafe tare da wani ya riƙe maka shi, ko ka sa shi a Keke Napep, ku sauka inda ba mutane ba dabbobi, ka ɗaura masa doguwar igiya ya yi gudunsa a kan yashi. Ka tafi da gorar ruwa da ɗan kwano. In ka ga harshensa ya zazzago ya yi ja wur, miyau ya yi kauri, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa, ka jiƙa masa ciki da hammata da ƙafafu da ruwa mai sanyi, ka wuce da shi asibiti kai tsaye.